Makarantun zanen gini da katangar da damina ke kayarwa

Shekara fiye da 70 ke nan ana koyar da zanen gine-gine a manyan makarantun ƙasar nan, kuma a Arewa abin ya fara yin saiwa sosai kafin ko'ina. Amma ka zaga ƙauyukanmu na Ringim da Taura da Miga da Auyo a jihar Jigawa, ka tambayi masu gida ɗaya bayan ɗaya wa ya zana musu gidan da suke ciki, dariya za su yi maka. Mai gida ne ya ja layi da ƙafarsa a ƙasa, birkila ya ce hakan ya yi, aka fara jera bulo. Idan damina ta zo ta rushe ɗakin, a ce ƙaddara, a jira taliya da tabarmar hukumar agaji. Ban ce babu ƙaddara ba. Abin da nake cewa shi ne makarantun da aka kafa don su koya wa mutane yadda ake tsara muhalli suna da kasonsu a wannan asara, kuma ba a cika tambayarsu ba.

A 1952 aka fara wannan karatu a Ibadan, a Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Nijeriya, sannan aka mayar da shi reshen kwalejin na Zariya a 1955. Da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 sai ta gaji sashen, shi ya sa har gobe sashen Samaru ne mafi daɗewa a ƙasar. Malaman farko Turawa ne, manhajar kuma an gina ta ne don ta samu amincewar ƙungiyar masu zanen gini ta Ingila, yadda ɗalibin Zariya zai tsaya kafaɗa da kafaɗa da na Landan. A 1960 masu sana'ar suka kafa ƙungiyarsu ta ƙasa, a 1969 gwamnatin soja ta yi dokar da ta kafa hukumar ARCON mai yi musu rajista.

Ba na ganin laifin mutanen wancan zamani. Ƙasa ce sabuwa, tana bukatar sakatariya da asibiti da banki da filin jirgi, kuma abin kunya ne a ce duk sai an ɗauko Bature ya zana. Zariya ta biya wannan bukata, ta yaye waɗanda suka zana Kaduna da Kano, daga baya da yawansu suka yi aikin Abuja, wasu kuma suka je suka kafa irin wannan sashe a wasu jami'o'in. Matsalar ita ce an ɗinka rigar ne don birni, kuma duk makarantar da ta biyo baya wannan awon ta ɗauka. Yau akwai sashen zanen gini a Jami'ar Bayero, akwai a jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil wadda aka buɗe a 2001, wadda yanzu ke ɗauke da sunan Aliko Ɗangote. Kogin da ya ratsa Wudil shi ne dai yake gangarowa ya cinye mana gidaje a Ringim da Haɗeja. Ɗalibin da ke zane a can, idan ya ɗaga kai ta taga, ƙauye yake gani.

Yadda karatun yake, shekara huɗu ake yi a digirin farko, a ƙara kamar biyu a na biyu, don da na farko kaɗai ba a zama cikakken mai zanen gini. Zuciyar karatun ita ce situdiyo, babban ɗakin da ɗalibai ke kwana suna zane da haɗa samfurin gini da kwali, sannan su tsaya gaban malamai su kare aikinsu, a yi musu kaca-kaca. Ana koya musu lissafin nauyin gini, da kayan gini, da yanayin zafi da iska, da tarihi, da zane a kwamfuta da irin su AutoCAD da Revit, sannan a tura su wata shida su koyi aiki a wani ofis. Bayan bautar ƙasa sai mutum ya yi aiki a ƙarƙashin wani mai rajista, ya zauna jarrabawar ƙwarewa, kafin a ba shi hatimi. Ka lissafa, kusan shekara tara ke nan in babu yajin aiki. Wanda ya sha wannan wahala, iyayensa suka sayar da tumaki suka saya masa kwamfuta, ba za ka ce masa ya dawo ƙauye ya zauna jiran mai ɗaki biyu da zaure ba. Abuja zai nufa, kuma yana da gaskiya.

Don haka ba ɗaliban nake tuhuma ba. Ɗan wana yana wannan karatu a wata jami'a, yaro ne mai ƙwazo, kuma ya nuna mini aikinsa na aji huɗu a waya: katafaren kantin zamani mai hawa biyar, gilashi tun daga ƙasa har sama, da wurin ajiye mota a ƙarƙashin ƙasa. A hutun da ya zo, gindin katangar ɗakin kakarsa ya zaizaye har kana iya zura hannu. Na ce ya duba mana. Ya durƙusa, ya ɗauki hoto, ya yi shiru, sannan ya ce, "Baffa, da kankare ne da na gaya maka rodi nawa za a sa. Wannan sai dai a rushe a yi na bulo."

Muka kira wani tsohon magini na unguwarmu, wanda gwiwa ta hana shi hawa katanga tuni. Bai taɓa bangon ba ma da farko. Ya zaga bayan ɗakin da sandarsa, ya nuna inda maƙwabci ya daɓe tsakar gidansa da siminti ya juyo da ruwa, ya nuna indararon da ya karye ruwa ke bin jikin bango. Ya ce wa yaron, "Ɗan nan, ruwan da ya sauko daga sama bai cika kayar da soro ba. Wanda ya kwana a gindinsa shi ne mugun." Ya sa aka ɗebo ƙasa daga wuri biyu, ya jiƙa kowace a tafin hannu, ya murza ta ta yi tsawo kamar yatsa, ɗaya ta gutsure nan take, ɗaya ta lanƙwasa ba ta karye ba. Ya ce ta farko yashi ya yi mata yawa, ta biyu kuma laka ce zalla, za ta tsage in ta bushe, sai an gauraya su an zuba ciyawa. Yaron ya ce, "Baba, ai wannan gwajin akwai shi a littafi." Tsohon ya ce to madalla, ashe littafin ma ya sani.

Wannan magana ta yaron ita ce ta tsaya mini. Ilimin yana cikin littafi, an karanta, an ci jarrabawa, amma hannu bai taɓa taɓa shi ba. Ginin ƙasa a wurin ɗalibanmu darasin tarihi ne. Siminti da ƙarfe su ne darasin aiki.

Kuma tarihin namu ba ƙarami ba ne. Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina Masallacin Juma'a na Zariya zamanin Sarki Abdulkarim, wajen shekarun 1830, da ƙasa da azara, ya ɗaga bakan gizo ya rufe fili mai faɗi ba ƙarfe ko ɗaya. Azara ita kaɗai ba ta iya ɗaukar rufi in faɗin ya wuce kamar mita biyu, sai magina suka gano yadda za su riƙa jera ta suna turo ta kaɗan-kaɗan daga bango biyu, suna ɗaurewa suna lulluɓewa da ƙasa, har ta haɗu a tsakiya. Wannan injiniyanci ne, ko da wanda ya yi shi bai taɓa riƙe fensir ba. Sun san giginya gara ba ta cika cin ta ba. Sun san a yi katanga da kauri a ƙasa tana sirancewa zuwa sama. Sun san a kwaɓa birji a tattake shi a bar shi ya kwana ya kwana kafin a murza tubali. Sun san makuba daga kwasfar ɗorawa, da laso da ake haɗawa da katsin marina, don kare bango da rufi daga ruwa. Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa a Kano suna nan tsaye, kowa na iya zuwa ya gani.

Kuma a yi wa jami'a adalci, ba ta bar wannan ilimi ya ɓace ba a rubuce. Farfesa Hamman Tukur Sa'ad, wanda ya koyar a Zariya, digirinsa na uku a kan maginan ƙasar Hausa ya yi shi, ya zauna da su ya ji yadda suke tunani. Wani ɗan ƙasar Foland, Zbigniew Dmochowski, ya shafe shekaru yana auna gine-ginen gargajiya na Nijeriya yana zana su, kuma aikinsa ne ya haifar da gidan tarihin gine-ginen gargajiya na Jos, inda aka gina kwafin masallacin Zariya da wani yanki na ganuwar Kano. Sai dai duba inda abin ya ƙare: gidan tarihi da kantar laburare. An adana fada da masallaci. Ɗakin talaka, da rumbunsa, da masansa, ba wanda ya ɗauke su a matsayin matsalar da za a zauna a warware.

Na san abin da za a ce mini, don ana faɗa mini a majalisa kullum. Mutanen ƙauye da kansu ba sa son ginin ƙasa. Gaskiya ne. Saurayin da zai yi aure yanzu, in ya ce ɗakin ƙasa zai sa amarya, sai an yi da gaske. Ginin ƙasa yana son yaɓe a kai a kai, kuma lokacin yaɓen rani ne, daidai lokacin da samari suka watse ci-rani Legas da Abuja da Fatakwal. Giginya ta yi ƙaranci, azara mai kyau ta yi tsada. Sannan babbar magana, katangar ƙasa ba ta jure ruwan da ya kwanta. Wanda ya ga ambaliyar 2020 da ta 2022 a Jigawa ya ga yadda gidaje ke narkewa su zauna cikin kwana biyu. Duk wanda zai zo daga birni, daga ɗaki mai na'urar sanyaya, ya ce mana mu riƙe al'ada, to ya zo ya kwana a soron da ke yoyo tukuna.

To amma me muka samu a madadin? Bulon da aka buga da buhun siminti ɗaya aka ja shi har ya fi ƙarfinsa, kana murza shi da yatsa yana zuba. Kwano mai sirantaka, ba silin, an ɗora shi dab da kai. Taga ɗaya ƙarama da ba a buɗewa. A watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ba mai iya zama a irin wannan ɗaki da rana, da dare ma sai a fito tsakar gida. Ni malamin firamare ne, kuma ajin da nake koyarwa irin zanen nan ne guda ɗaya da ake ginawa ko'ina, ko a ina rana ke fitowa, ko daga ina iska ke bugowa. Da hantsi ya yi sai mu kwashi yara mu koma gindin darbejiya. Iskar farkon damina kuwa, duk shekara sai ta yaye rufin wata makaranta a yankinmu, saboda ba wanda ya koya wa kafinta yadda ake ɗaure katako da jikin gini. Mun bar abin da ke da sanyi amma yana tsoron ruwa, mun koma abin da ke da zafi kuma shi ma ba ƙarko gare shi ba. Tsakanin waɗannan biyun akwai fili babba, kuma nan ne ya kamata a ga jami'a.

Ba mafarki nake ba, an yi a maƙwabta. A ƙauyen Gando na Burkina Faso, Francis Kéré ya gina makarantar firamare a 2001 da bulon ƙasa da aka matse da inji aka sa masa siminti kaɗan. Ya yi silin na ƙasa, ya ɗaga kwanon sama da shi a kan ƙarafa yadda iska za ta riƙa ratsawa tsakani, ya kuma fito da bakin kwanon waje sosai don ruwa kada ya bugi bango. Mutanen garin ne suka yi aikin da hannunsu. A 2022 aka ba shi kyautar Pritzker, wadda ta fi kowace girma a wannan sana'a. A Nijar, a garin Dandaji, Hausawa ne irinmu, Mariam Issoufou Kamara da abokiyar aikinta sun gina sabon masallaci da irin wannan bulo, suka gyara tsohon masallacin ƙasa ya zama laburare, da taimakon maginan da suka san shi. Kafin su, Alhaji Falke Barmu, magini ne na gargajiya ba ɗan jami'a ba, ya gina masallacin Yama a yankin Tawa, aka ba ginin kyautar Aga Khan a 1986. Mu nan muna da cibiyar binciken gine-gine da hanyoyi ta tarayya tun 1978, ta kuma yi aiki a kan injin matse bulon ƙasa, amma ka nemi injin a ƙaramar hukumarmu ka gani.

Misalin da ya fi kama da abin da nake nema daga Amurka yake. A 1993 Jami'ar Auburn ta jihar Alabama ta buɗe wani shiri a ƙarƙashin Samuel Mockbee da abokinsa, inda ɗaliban zanen gini ke barin harabar jami'a su tare a wani yanki na karkara mai fama da talauci, su zana gida ko ɗakin taro, su kuma gina shi da hannunsu, mutum ya shiga ya zauna. Suna komawa su duba gidajen da na gabansu suka gina, su ga inda ya yi yoyo, su gyara a zane na gaba. Ƙasar da ta yi suna wajen dogayen benaye ta ga dacewar ta tura ɗalibanta ƙauye, mu kuma da ɗimbin mutanenmu ke karkara muna jin nauyi.

Ƙofar ma a buɗe take. Sabuwar manhajar da Hukumar Kula da Jami'o'i ta fitar a ƙarshen 2022 ta tsayar da kashi 70 cikin 100 na darussa, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cika da abin da ya dace da yankinta. Ta kuma ɗaga zanen gini ya zama fanni mai zaman kansa, da rassa irin su tsara cikin ɗaki da tsara lambuna da fili, har da zanen jiragen ruwa. Ban ƙi ba, ko da yake mu nan jirginmu kwalekwale ne. Tambayata ita ce me Wudil da Bayero da Zariya za su zuba a wannan kashi 30. In aka cika shi da ƙarin manhajojin kwamfuta, an yi asarar dama.

Abin da nake so a gani, kowane ɗalibi kafin ya karɓi digiri ya yi zango guda cur a ƙauye ɗaya, ba yawon buɗe ido na yini ɗaya da motar makaranta ba. Su auna inda ruwa ke bi in an yi mamako. Su gano tsayin da ambaliya ta kai a jikin bango, don shatar tana nan ba ta goge ba, su fitar da tsayin da ya kamata a ɗaga harsashi da dutse ko siminti kafin a ɗora ƙasa. Su gwada ƙasar kududdufin garin su faɗi siminti nawa take bukata. Sannan ajin gaba ɗaya su gina abu ɗaya, ko aji biyu ne, ko ɗakin shan magani.

Ɗalibai mata suna da aikin da maza ba za su iya ba, don su ne za su wuce zaure su shiga cikin gida. Can ne ainihin matsalolin suke: madafin da hayaƙi ke cika shi mace na tari shekara da shekaru, masan da aka haƙa kusa da rijiya har amai da gudawa ya zama baƙon kowace damina, turken awaki a ƙofar ɗakin yara. Duk wannan tsara muhalli ne. Ban taɓa jin wanda ya tambayi matar ƙauye inda take so a sa mata murhu ba.

Sai maganar magina, wadda na san za ta fi yi wa wasu ɗaci. A ɗauko su a sa su a gaban aji, a biya su kamar yadda ake biyan malamin wucin gadi, ba a gayyace su ranar bikin al'ada a ɗauke su hoto ba. A Kano da sauran manyan garuruwa sarautar Sarkin Magina tana nan, ta nan za a bi a samo waɗanda suka rage. Waɗanda suka iya rufin bakan gizo da na ɗaurin guga tsofaffi ne, 'ya'yansu sun koma birkiloli ko 'yan acaɓa. Dokar jami'a za ta ce ba su da takarda. To a nemo suna a ba matsayin, ai jami'a ba ta rasa sunaye.

Akwai cikas, ban raina su ba. Hukumar rajista tana da sharuɗɗan da dole sashe ya cika kafin ta amince da digirinsa, malamai sun yi kaɗan, kuɗin bincike ba ya isa, kuma in ginin ɗalibai ya faɗi a kan wani, wa za a kama? Amma kuɗin gina ajujuwa ana kashe shi duk shekara ta hannun hukumar ilimin bai-ɗaya da ayyukan mazaɓu, ɗan kwangila ne kawai ke cin ribar. A ware gini ɗaya tak a cikin ɗaruruwan nan a miƙa wa sashen zanen gini, malami mai rajista ya sa hannu ya ɗauki alhaki, kamar yadda likita ke tsayawa a kan ɗalibansa a asibitin koyarwa. Asusun TETFund mai tallafa wa manyan makarantu kuma dama har da irin wannan bincike aka kafa shi domin ya ɗauki nauyi.

In an gama, a rataya ma'aunin zafi a sabon ajin, a rataya wani a tsohon da ke gefensa, a riƙa rubutawa daga Maris zuwa Mayu. A bar shi ya sha damina biyu. A buga abin da aka kashe har kuɗin ƙusa, da Hausa, a karanta a rediyo, a ba birkiloli da kafintocin yankin zanen a takarda ɗaya da za su iya bi. Mutumin ƙauye ba ya sauya gini don an yi masa lacca, sai ya shiga ɗaki da tsakar rana ya ji sanyi, ya tambayi nawa aka kashe, ya lissafa da buhunan shinkafar da ya noma. In lissafin bai fita ba zai koma wa bulonsa da kwanonsa, kuma a lokacin sashen ya san cewa zanen ne ke bukatar gyara, sai ajin da ke biye su ɗora daga nan.